Yadda Ake Feɗe Labari: Darasin da Nake Ba Yaran Unguwarmu a Garwa

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da Faransanci a wata kwaleji a nan Garwa, arewacin Kamaru. Duk shekara, da zarar Afrilu ya kama, zafi ya kai inda ba a iya kwana a ɗaki, jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare kuma ta matso, sai yaran unguwarmu su fara taruwa a zaurena bayan sallar Isha'i, kowa da littafinsa da tocilar wayarsa. Kukansu ɗaya ne. An ba su labari a takarda, an ce su faɗi jigonsa, su fito da taurarinsa, su nuna wanda ke ba da labarin, sai kai ya ɗaure. Alhali yaron nan da ya yi tsuru-tsuru a aji, in ka ce ya ba ka labarin wasan ƙwallon da ƙungiyar Coton Sport ta buga jiya, zai jero maka shi tiryan-tiryan. Ya san inda zai ja maka rai, ya san inda zai sassauta murya, ya san wanda zai ɗora wa laifi. Labari kam ya iya. Sunayen sassansa ne bai sani ba, kuma da aka tashi ba shi su, sai aka ba shi da harshen da bai sha a nono ba.

Ɗan Bahaushe a nan da harshe uku yake tashi: Hausa a cikin gida, Fulatanci a kasuwa da kan titi, Faransanci a makaranta. Wannan ya sa da yawa ke zaton nazarin adabi kayan Faransanci ne, sai da shi ake yi. Ba haka ba ne. Malaman Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe da raɗa wa waɗannan abubuwa suna, kuma sunaye ne masu kama jiki. Da su nake fara koyarwa a zaure, in abin ya zauna sannan mu ɗora na Faransanci a kai.

Kafin ka taɓa labari, san irin abin da ke gabanka. Adabi iri biyu ne, na baka da rubutacce. Na baka shi ne wanda ya zo mana daga bakin kaka da kakanni: tatsuniya, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira taalol, da karin magana, da kirari, da kacici-kacici, da waƙoƙin daka da na niƙa da na dandali. Rubutaccen kuma ya kasu uku: zube, waƙa, da wasan kwaikwayo. Zube shi ne rubutun da aka zuba shi sakin layi bayan sakin layi, ba a daddatsa shi baiti-baiti ba. In abin da ke cikinsa ƙirƙira aka yi, sai a ce ƙagaggen labari. Waƙa mun daɗe muna rubuta ta da ajami, tun kafin jihadin 1804. Ƙagaggen labari da boko kuwa bai daɗe ba: a 1933 hukumar fassara da ke Zariya ta sa gasa, littattafai biyar suka fito daga cikinta, daga nan hanya ta buɗe.

Wannan ya isa haka. Mu zo kan labarin kansa, domin ba a koyon fiɗa sai da dabba a ƙasa.

Kakata, mahaifiyar babana, Allah ya jiƙanta, iyayenta fatake ne da suka taso daga ƙasar Kano suka zauna a bakin Binuwai. Ba ta yin tatsuniya da rana, takan ce mai yi da rana ɓata yake yi. Sai an ci tuwon dare, an shimfiɗa tabarma, ta ɓare goronta ta jefa rabi a baki, ta dube ni ta ce, "Maigidana, matso nan, kar sauro ya cinye mini kai." Sannan ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu ce, "Ta zo mu ji ta." Ga wadda ta fi yawan ba mu, yadda na riƙe ta.

Ana yunwa a gari. Ƙoƙi ta je ɗibar wuta gidan hankaki, ta tarar suna cin ɓaure, suka sam mata. Ta kawo gida, Gizo ya ɗanɗana, hankalinsa ya tashi. Ya je ya yi ta naci sai sun faɗa masa inda suke samu. Suka ce itacen yana can tsakiyar kogi, sai mai fiffike ke zuwa. Ya yi ta roƙo har kowane hankaka ya cire gashi ɗaya ya ba shi, aka manna masa, aka ce da asuba za a tafi. Gizo ya kasa barci. Tsakar dare ya cinna wa wata bukka wuta don gari ya yi haske, ya je yana buga musu ƙofa wai gari ya waye. Da asubar gaske ta yi aka tashi, aka sauka a kan ɓaure. Duk ɗan da hankaka ya kai baki zai tsinka, sai Gizo ya ce, "Nawa ne, ni na faya gani!" Ya cika cikinsa, ya cika burgamensa, barci ya kwashe shi a kan reshe. Hankaki suka lallaɓa, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi. Da ya farka ya yi tsalle zai tashi, sai tsulum cikin ruwa.

Tatsuniyar ta ci gaba zuwa gidan kada, amma nan ma ya ishe mu aiki.

Abin da za ka fara nema shi ne zubi, wanda malamin Faransanci ke kira intrigue. Zubi shi ne yadda aka ƙulla abubuwan da suka faru, wannan ya haifi wancan. A aji ana ba ku shi a matakai biyar, abin da ake kira schéma narratif, kuna haddacewa ba ku san kun daɗe da saninsa ba. Akwai mafari, wato yadda al'amura suke kafin komai ya motsa: ana yunwa, Gizo yana gida. Akwai abin da ya dagula lamarin: ɓauren da Ƙoƙi ta kawo. Akwai faɗi-tashi: naci, aron gashi, ƙona bukka, handamar 'ya'yan ɓaure. Akwai warwarewa: hankaki sun zare gashinsu. Sai yadda aka ƙare: Gizo cikin ruwa. Wurin da igiya ta fi ɗaurewa, inda mai sauraro yake riƙe numfashi, shi ake kira ƙololuwa. A nan, lokacin da Gizo yake minshari hankaki suna lallaɓowa ne. Mu yara a daidai nan muke yin tsit, har ka ji ƙarar goro a bakin Kaka.

Ga dabarar da nake ba kowa. Rubuta abubuwan da suka faru a jere, kowanne a layinsa, kada su wuce takwas. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambaya, "Saboda me?" Saboda me hankaki suka zare gashinsu? Saboda Gizo ya hana su ci. Saboda me ya sami damar hana su? Saboda sun ara masa gashi. Duk layin da amsarsa take cikin layin da ya gabace shi, wannan ƙashin bayan labari ne. Wanda ka cire labarin bai girgiza ba, wannan wani aikin yake yi. Ɗauki ƙona bukka. In ka cire shi, Gizo zai je kogi dai, zai faɗa ruwa dai. To me ya sa Kaka ba ta taɓa tsallake shi? Domin nan ne ake nuna mana ko wane ne Gizo: wanda zai ƙona ɗakin wani don cikinsa. Ashe wannan layin halin tauraro yake ginawa. Ɗalibin da ya iya rarrabe waɗannan biyu ya wuce rabin ajinsu.

A lura, ba dole ne marubuci ya jero labari daga farko zuwa ƙarshe ba. Yana iya farawa da Gizo yana shan ruwa a kogi, sannan ya koma baya ya nuna yadda aka yi. Wannan shi ne waiwaye. In ka ci karo da shi, jera abubuwan yadda suka faru tukuna, sannan ka tambayi kanka dalilin da ya sa marubucin ya birkita jerin. Galibi jan rai yake nema.

Duk wannan ba ya tafiya sai da rikici. Ba faɗa da doke-doke nake nufi ba. Rikici shi ne wani yana son abu, wani abu kuma ya tare masa hanya. Wani lokaci mutum ne ya tare, wani lokaci yunwa ce ko ambaliya ko al'adar gari, wani lokaci kuma zuciyar mutum ce ta rabu biyu. Wannan na ƙarshen shi ya fi daɗin karatu, shi ne kuma yara suka fi mantawa da shi.

Sai taurari, wato personnages. Duk wanda ya taka rawa a labari tauraro ne, mutum ne ko dabba ko aljani. Babban tauraro shi ne wanda labarin ke bin sawunsa. A nan yara ke tuntuɓe, suna zaton babban tauraro dole mutumin kirki ne. Gizo ba shi da kirki ko na anini, amma shi ne babba, domin in ka cire shi babu labari. Sauran ƙananan taurari ne, kuma kada ka raina su: Ƙoƙi sau ɗaya ta fito, amma a hannunta fitina ta shigo gida.

Hanya huɗu ake gane halin tauraro: abin da ya yi, abin da ya ce da yadda ya faɗe shi, abin da wasu suka ce a kansa, da abin da mai ba da labari ya faɗa mana kai tsaye. Ta biyun nake so a tsaya a kanta. Kaka ba ta taɓa cewa Gizo maƙaryaci ne. Tsamin bakinsa take kwaikwaya, ta karkace harshe, "faya gani" maimakon "fara gani", mu kuwa da jin muryar mun san za a yi tsiya. In kana nazari, ja layi a ƙarƙashin maganganun tauraro, ka karanta su su kaɗai a jere, za ka ji mutumin. Sannan ka duba ko ya sauya. Gizon da ya shiga tatsuniya shi ne ya fita, bai yi nadama ba, gobe ma haka zai yi. Irinsa mai yanayi ɗaya ne, kamar Kura da wautarta, da Dila malamin daji. A ƙagaggen labari kuwa ana son babban tauraro ya fita ba yadda ya shiga ba, ya koyi wani abu ko ya rasa wani abu a zuciyarsa.

Wuri da lokaci yara na amsa su da kalma biyu su wuce: "a ƙauye, da dare." Asarar maki ce. Gwada ɗauke labarin daga inda yake ka ga abin da zai faru. Kai itacen ɓauren nan tsakiyar kogin Mayo Kaliyawo a Marwa cikin watan Maris, lokacin da babu ko ɗigon ruwa, yara na buga ƙwallo a kan yashi. Gizo da ƙafa zai taka ya je, ba aron gashi, ba faɗawa ruwa, labari ya mutu. Amma kawo shi Binuwai a watan Agusta, ruwa ya yi ja ya cika har yana lasar gonakin gefe, sai ka ga dalilin da ya sa sai da fiffike. Haka yunwar da aka buɗe da ita: ba don ita ba, wa zai tada hankalinsa a kan ɓaure? Don haka kada ka tsaya ga faɗin ina ne da yaushe ne. Faɗi abin da wurin da lokacin suka tilasta wa taurari.

Mai ba da labari, narrateur, ba shi ne marubuci ba. Wannan nakan maimaita shi har su gaji. Marubuci mutum ne mai cin tuwo, sunansa na kan bangon littafi. Mai ba da labari murya ce da ya ƙirƙira. Wani lokaci muryar tana waje, tana cewa "ya tafi, ta ce", tana iya shiga zuciyar kowa, ta san abin da hankaki ke ƙullawa alhali Gizo na barci. Wani lokaci kuma ɗaya daga cikin taurari ne ke cewa "na tafi, na ce", shi kuwa iyakar abin da ya gani ko aka faɗa masa ya sani. 'Yar Marwa, Djaïli Amadou Amal, a littafinta da ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020, mata uku ta ba bakin magana, kowacce tana cewa "ni" a nata kason. Ba za ka ce duka ukun ita ce ba. Ta yi haka ne don mai karatu ya ga gida ɗaya ta ƙofofi daban-daban.

Aikin da nake bayarwa a nan yana da sauƙi, amma yana buɗe ido. Sake ba da tatsuniyar nan daga bakin Ƙoƙi. Nan da nan za ka ga matsala: Ƙoƙi ba ta je kogi ba. Abin da ta sani shi ne mijinta ya fita da asuba jikinsa duk gashin aro, rana ta faɗi bai dawo ba, ga maƙwabci a ƙofar gida yana tambayar wanda ya ƙona masa bukka. Labarin dariya ya koma na zulumi, alhali ba a sauya ko abu ɗaya daga abin da ya faru ba. Mai magana kawai aka sauya.

Yanzu jigo, thème, wanda shi ne ya fi kayar da yara, shi ya sa na bar shi sai da muka gama sauran. Kalmar kanta tana koyarwa. Kafin injin ban-ruwa ya cika lambunan bakin kogi, da jigo ake ɗebo ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, guga a kai ɗaya, nauyi a ɗaya kan. Duk lambun, da albasarsa da latas ɗinsa, a kan wannan itace yake rayuwa. Jigon labari ke nan, abin da komai ya rataya a kansa.

Kuskure biyu nake gani kullum. Na farko, a tambayi yaro jigo ya kama taƙaita labari: "Jigon shi ne Gizo ya je cin ɓaure ya faɗa ruwa." Wannan zubi ne. Jigo ba shi da sunan kowa a ciki, domin magana ce da ta shafi duk ɗan Adam. Na biyu, kowane labari aka ba shi sai ya rubuta "gargaɗi" ko "wa'azi" ya rufe littafi. Gargaɗi a kan me? Kuma ba kowane labari ne aka rubuta don jan kunne ba. Wani an rubuta shi ne don a nuna yadda kewar gida take, ko yadda talauci ke raba 'yan'uwa, ba tare da an ce wa kowa "kada ka yi" ba.

Tambaya uku ke kai ka ga jigo. Me babban tauraro yake so? Me ya samu ko ya rasa a ƙarshe, kuma halinsa ne ya jawo ko wani abu dabam? Wace kalma ko wane abu ne ke ta dawowa? A littafin 'yar Marwan nan, kalmar munyal, wato haƙuri da Fulatanci, ita ke ta dawowa daga bakin iyaye da dangi, kuma duk wanda ya bi sawunta zai kai ga jigo. A tatsuniyarmu "nawa ne" ke dawowa. To sai ka faɗi jigon da kalma ɗaya, kwaɗayi, sannan ka buɗe shi da jimla guda: mai kwaɗayi da hannunsa yake sare reshen da yake zaune a kai. Bin labarin daki-daki kana nuna inda jigon ya ɓullo, shi ake kira warwarar jigo. Waɗanda suka raka shi, kamar yunwa da maƙwabtaka, su ne ƙananan jigogi.

Bara an yi gardama a zaurena a kan wannan har aka kusa ƙarfe goma sha ɗaya. Wani yaro ya ce kwaɗayi ne, kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani ya ce a'a, butulci ne, domin kwaɗayi kowa na da shi lokacin yunwa, abin da ya kayar da Gizo shi ne ya juya wa waɗanda suka ara masa gashi baya. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ni fa hankaki nake kallo. Sun ga ya ƙona bukka tun da dare, amma suka tafi da shi. Ai jigon shi ne taimakon wanda ka riga ka ga halinsa." Na yi shekara arba'in da sanin tatsuniyar nan, ban taɓa kallonta ta wannan gefe ba. Duka ukun na karɓa, domin kowa ya nuna hujjarsa a cikin labarin. Jigon da ba na karɓa shi ne wanda aka ɗauko daga ka, ba a iya nuna layin da ya fito.

Salo shi ne yadda aka faɗi abin. Mutum biyu za su ba da tatsuniya ɗaya, ɗaya a yi ta hamma, ɗaya a hana shi tashi. A cikin salo ake samun adon harshe, kuma sunayensa ba su da wuya. In aka haɗa abu biyu da "kamar" ko "tamkar" ko "sai ka ce", kamance ne: cikinsa ya yi kamar tulu. In aka cire "kamar" aka ce wannan shi ne wancan, siffantawa ce: yaron nan wuta ne. In aka ba abin da ba mutum ba halin mutum, mutuntarwa ce: yunwa ta shigo gari ta shimfiɗa tabarma. In mutum aka ba halin dabba, dabbantarwa. In aka mai da shi kamar wani abu marar rai, abuntarwa. In aka zuzuta abu fiye da kima, kambamawa: ya sha ruwa har kogi ya ragu. In wani abu ya tsaya a madadin wata ma'ana, alamtarwa, kamar gashin aron nan da ke tsaye a madadin duk wata alfarma da mai ita zai iya karɓewa. Ga kuma namu na gida da za ka tarar a kowane shafi: karin magana, kirari, habaici wanda ake jifa ba a kama suna ba, da zambo wanda ake kama mutum a muzanta shi.

Sanin sunan kaɗai ba ya ba da maki cikakke. Amsa mai kyau ƙafa uku gare ta kamar murhu: faɗi sunan adon, kawo kalmomin da ke cikin labarin, sannan ka faɗi aikin da suka yi. "Mutuntarwa ce, inda aka ce yunwa ta shimfiɗa tabarma, kuma tana nuna yunwar ba ta wucewa ba ce, zama ta zo yi." Ƙafa ta ukun ita ake bari, ita ce kuma mai gyara takarda yake nema.

In waƙa aka ba ka, layi ɗaya ɗango ne, tarin ɗango baiti ne, mai layi biyu ƙwar biyu, mai biyar ƙwar biyar, sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layuka amsa-amo, abin da ake ta komawa kansa kuma amshi. In wasan kwaikwayo ne, an raba shi kashi-kashi, kowane kashi da fitowa-fitowa. Jigo da salo da taurari kuwa duk inda ka je suna nan.

Abu na ƙarshe da nake sa su yi, bayan sun feɗe na wasu, shi ne su gina nasu, shafi biyu kacal. Wanda ya taɓa ɗinka riga ya fi kowa sanin inda ɗinki yake. Yarinyar nan mai kallon hankaki ta kawo nata bayan mako guda. Wani yaro ne uwarsa ta ba shi akuyarta guda ɗaya tilo ya kai kasuwar Pitowa ranar Lahadi, a sayar a biya wa yayarsa kuɗin jarrabawa. Ya sayar jaka ashirin da biyar. A hanyar dawowa babur ɗin da ke gabansu ya faɗi, ashe abokinsa ne a kai, ƙafa ta karye, aka kai shi asibiti, ana neman kuɗin magani nan take, danginsa kuma suna nesa. Kuɗin akuya na cikin aljihun yaro.

Har nan na ji daɗi ƙwarai: ga wuri, ga lokaci, ga rikici na cikin zuciya. Amma da na juya shafi, sai ga wani Alhaji ya tsaya da mota, ya biya kuɗin magani, ya ƙara wa yaron jaka hamsin.

Na ce, "'Yata, Alhajin nan saboda me ya zo? Nuna mini layin da ya haife shi."

Ta duba, ta duba, ta ce, "Babu, Malam. Tausayin yaron na ji. To in bar shi ya koma gida hannu Rabbana?"

Na ce, "Ke kika sa shi a tsaka mai wuya, kuma daidai kika yi. Amma kin hana shi zaɓi. Ki bar shi ya zaɓa, mu ga ko wane ne shi. Warwarewa daga cikin labari take fitowa, ba a ɗauko ta a bakin titi."

Ta tafi ba ta ce komai ba. Ranar Alhamis ta dawo da sabon shafi. Yaron ya biya kuɗin maganin. Ya iso gida bayan Magariba, da jaka tara a aljihu, da igiyar akuyar a naɗe a hannunsa, domin mai saye ya kwance ta ya miƙo masa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa sallama. Uwar tana tankaɗe, ta ɗaga kai ta dubi igiyar, ta dubi fuskarsa. Ya faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce ya kyauta ba. Ta karɓi kuɗin ta ƙirga sau biyu, ta tambayi yadda ƙafar yaron take. Sannan ta shiga ɗaki ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da turmin atamfar da ta ajiye don Sallah, ko ɗinkawa ba a yi ba, ta ce wa yayar ta saka mayafi ta raka ta gidan dillaliya kafin a rufe ƙofa.

Na karanta wa sauran a zaure, na ce kowa ya fito da takarda ya rubuta mini ƙololuwar labarin, da abin da igiyar nan take alamtawa, da ko wane ne babban tauraro, yaron ko uwar. A kan ta ukun aka raba gari, kuma har aka tashi ba a daidaita ba.